LANDAN: YAWON BUƊE IDO KO YAWON RUFE IDO?

Wata cuta ta kunno kai a tsakanin matasan Musulmi na ƙasar nan, ba ta bar birni ba, ba ta bar ƙauye ba, ita ce cutar begen Landan. Ko a Maruta ta ƙasar Gwaram, ko a Birnin Kudu, da zarar an idar da sallar Isha'i majalisa ta haɗu, sai a shiga miƙa waya daga hannu zuwa hannu ana kallon hoton wani ɗan siyasa ko ɗan wani attajiri, ya ɗaura kwat ya tsaya a gaban agogon Big Ben ko ƙofar fadar Bakingham yana washe baki, masu kallo kuwa suna ta cewa Allah Ya kai su. Matashi zai jero 'yan wasan Arsenal da na Chelsea har da waɗanda ke zaune a benci, amma a tambaye shi ina ne Burmi, kuma me ya faru a can, sai ya hau sosa ƙeya. Inna lillahi wa inna ilaihi raji'un!

Ya kamata 'yan uwa su san cewa abin da ake kira wuraren tarihi na Landan, da yawansu kundin cin ƙasashen raunana ne aka rubuta da dutse da tagulla, kuma ƙasar Hausa tana da nata shafin a ciki. Wanda ya shiga wannan birni bai san haka ba, ya biya kuɗi ne an rufe masa ido, ko da kuwa sunan tafiyar yawon buɗe ido.

MUSULUNCI BAI HANA TAFIYA BA

Kafin wani ɗan boko aƙida ya yi tsalle ya ce ga masu tsattsauran ra'ayi nan sun haramta tafiya, to a sani Alƙur'ani mai girma a wurare da yawa ya yi umurni da a yi tafiya a bayan ƙasa. Sai dai ya faɗi abin da za a je dubawa, wato yadda ƙarshen waɗanda suka gabata ya kasance, alhali sun fi na yanzu ƙarfi da gine-gine. Tafiyar mumini tafiyar ɗaukar izina ce.

Manzon Allah (S) ya nuna yadda ake yi a aikace. A shekara ta 9 bayan Hijira, a kan hanyarsa ta zuwa Tabuka, rundunar Musulmi ta biyo ta Hijr, garin Samudawa mutanen Annabi Salihu (AS), waɗanda suka sassaƙe duwatsu suka mayar da su gidaje. Gine-gine ne masu ɗaukar ido. Amma ingantattun ruwayoyi sun nuna cewa ya hana Sahabbai shiga mazaunin waɗannan azzalumai sai dai in suna kuka, ya lulluɓe kansa, ya gaggauta tafiya har ya fita daga kwarin. Wannan shi ne ma'aunin. Ba a tsayawa a ƙofar azzalumi ana murmushi don a ɗauki hoto.

SU DA SUKA ZO NAN, ME SUKA ZO GANI?

Turawa ne suka fara zuwa ƙasar nan yawon buɗe ido, kuma su da gaske idon nasu a buɗe yake. A watan Janairun 1824 Hugh Clapperton, hafsan sojan ruwan Ingila, ya shigo Kano ana kiransa Abdullahi. Bai ɓata lokacinsa wajen sha'awar rawuna da algaita kawai ba. Ya ƙiyasta kewayen ganuwa mil 15, ya ƙirga ƙofofi 15, ya ƙiyasta mazauna birnin tsakanin 30,000 da 40,000, ya zagaya kasuwa yana rubuta abin da ake saye da sayarwa. Daga nan ya wuce Sakkwato wajen Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, ya koma Landan da taswira da wani yanki na littafin Infaƙul Maisuri, aka buga a can a 1826.

A 1851 sai ga Heinrich Barth, Bajamushe amma ɗan aiken gwamnatin Ingila, shi kuma da sunan Abdulkarim. Ya zauna a Kano ya yi wa masaƙa da marina lissafi, har ya ƙiyasta cewa tufafin da Kano ke fitarwa a shekara sun kai wuri miliyan 300. A ƙarshen 1894 Charles Robinson, ɗan mishan, ya iso yana tattara kalmomin Hausa, ya koma ya zama mai koyar da Hausa a Jami'ar Kambirij. A 1900 tawagar Bishop Tugwell ta shigo Kano, sai dai Sarkin Kano Alu ya gane inda aka dosa, ya kore su cikin 'yan kwanaki.

Ruwa ba ya tsami banza. Bayan mai awon ganuwa sai mai igwa. Ranar 3 ga Fabrairun 1903 rundunar Kanar Morland ta fasa Kano, kuma a lokacin Birnin Kudu da Gwaram duk ƙarƙashin Kano suke. Ranar 15 ga Maris aka ci Sakkwato. Abin takaici, mafi yawan sojojin da suka yi wannan aiki baƙar fata ne, da Hausawa masu yawa a cikinsu, Turawan 'yan kaɗan ne masu ba da oda. Tun ran gini tun ran zane, mulkin mallaka bai taɓa tsayuwa ba sai da ƙafafun 'yan gida.

AN CI DA IGWA, AN RIƘE DA KALLO

Da suka gama cin ƙasa da ƙarfe sai suka koma neman cin zukata, kuma ɗaya daga cikin dabarunsu ita ce juya akalar yawon buɗe idon, a ɗauki manyan ƙasa a kai su Landan su gani da idonsu. Sarkin Katsina Muhammadu Dikko ya je a 1921 a kan hanyarsa ta zuwa aikin Hajji, ya gana da Sarkin Ingila George na Biyar, daga baya ma ya sake komawa ba sau ɗaya ba. A duba wannan da kyau, hanyar Makka ce aka bi da ita ta Landan. A 1934 kuma aka kai Sarkin Musulmi Hassan ɗan Mu'azu da Sarkin Kano Abdullahi Bayero da Sarkin Gwandu Usman. Masanin tarihi Moses Ochonu ya tattara labarin irin waɗannan tafiye-tafiye a littafin da ya fitar a 2022.

Jami'an mulkin mallaka ne ke tsara ziyarar, su ke rakiya, su ke tafinta. Saƙon da ake son baƙo ya komo da shi gida ɗaya ne, cewa wannan ƙarfi ba a ja da shi, a miƙa wuya a zauna lafiya. A bikin baje kolin daular Ingila da aka yi a Wembili a 1924 kuwa, sai da aka gina ganuwa irin ta biranen Hausa, aka kwaso masu sana'ar hannu daga Afirka ta Yamma aka zaunar da su a ciki, Turawa na biyan kuɗi suna shiga kallonsu. Ɗaliban Afirka da ke Landan a lokacin sun yi ƙorafi a kan irin wulaƙancin da jaridu suka yi wa waɗannan bayin Allah. Kakanni an kai su can a matsayin abin kallo, jikoki kuma yau suna sayar da gona don su je su zama 'yan kallo.

GUMAKAN DA AKE TSAYAWA A GABANSU

To me ake nuna wa baƙo idan ya isa? A harabar majalisar dokokin Ingila, 'yan taku kaɗan daga agogon nan da ake rububin hoto da shi, akwai mutum-mutumin Richard na Ɗaya a kan doki ya ɗaga takobi. Wannan shi ne jagoran yaƙin 'yan Salibiyya da ya yi gaba da Salahuddin al-Ayyubi, wanda a 1191 ya sa aka yanka fursunonin Musulmi kimanin 2,700 a bakin garin Akka ta Falasɗinu, bayan sun miƙa wuya. Musulmi nawa ne suka ɗauki hoto a gindin wannan doki ba su san wa ke kansa ba?

A dandalin Tirafalga akwai Janar Charles Napier, wanda ya ci ƙasar Musulmi ta Sind a 1843, da Janar Henry Havelock, ɗaya daga cikin waɗanda suka murƙushe yunƙurin mutanen Indiya na 1857. A kusa da ma'aikatar harkokin waje akwai Robert Clive, wanda ya kayar da Sirajud Daula na Bengal a 1757 ya buɗe ƙofar wawashe Indiya. A filin faretin dawakin sarauta akwai Kitchener, wanda a ranar 2 ga Satumban 1898 a Omdurman ta Sudan ya kashe Ansaru fiye da 10,000 cikin yini guda, alhali a ɓangarensa waɗanda suka mutu ba su kai 50 ba, sannan ya sa aka rushe hubbaren Mahdi.

Da me aka yi wannan kisa? Da bindigar Maxim, wadda Hausawa suka sani da bindiga mai ruwa, irin wadda aka jawo zuwa Kano da Sakkwato. A wata unguwa ta Landan mai suna Hatton Garden aka ƙera ta farko a 1884, shekarar da aka buɗe taron Balin na rabon Afirka, kuma an manna allon tunawa a jikin ginin don masu yawon buɗe ido su karanta. A Hasumiyar Landan kuwa ana bin dogon layi don a kalli kayan sarauta, cikinsu har da lu'ulu'un Kohinur da aka karɓe daga hannun yaron sarkin Punjab a 1849. A Babban Ɗakin Karatu na Birtaniya aka adana asalin wasiƙar Balfour ta 1917, takarda 'yar ƙarama wadda har yau Falasɗinawa ke biyan kuɗinta da jininsu.

Wannan shi ne tarihi da al'adun da ake tallatawa. Ba su ɓoye komai ba, sun rubuta sunayen a jikin dutse. Mai kallon ne bai iya karatun ba, kuma rashin sani ya fi dare duhu.

GIDAN TARIHI KO RUMBUN GANIMA?

Gidan Tarihin Birtaniya, wanda aka kafa a 1753, shiga cikinsa kyauta ne, kuma 'yan koren Turawa kan kafa hujja da wannan su ce a dubi karamci. Amma wane karamci ne ɓarawo ya ce wa mai kaya ya zo ya leƙa kayansa ta gilashi ba sai ya biya ba? A cikinsa akwai kayan tagulla da na hauren giwa kusan 900 daga birnin Benin, wanda sojojin Ingila suka wawashe suka ƙona a 1897. Akwai kayan da aka kwaso daga Maƙdala ta Habasha a 1868, da zinariyar Asante da aka kwaso daga Kumasi a 1874.

Idan masu kaya suka ce a dawo musu da abinsu, sai a ce ai dokar 1963 ta hana gidan rabuwa da abin da ke cikinsa. Wa ya yi dokar? Su ne. A 2024 da aka mayar da wasu kayan Asante guda 32 zuwa Kumasi, da sunan aro aka mayar, wato mai kaya ya zama mai aro. Da can hujjarsu ita ce wai Afirka ba ta iya adana kaya ba, sai ga shi a 2023 gidan da kansa ya fito ya ce kimanin kaya 2,000 sun ɓace ko an sace ko sun lalace a hannunsa. Jamus da wani ƙaramin gidan tarihi na Landan mai suna Horniman sun miƙa wa Nijeriya mallakar kayan Benin a 2022, abin da ya nuna cewa ba gagara abin ya yi ba, niyya ce babu.

Kada ɗan Maruta ya ce shi ina ruwansa da kayan Benin, tunda ba na kakansa ba ne. Nasa kason yana bakin kogin Tems, inda katafaren ginin kamfanin Unilever yake tsaye tun farkon shekarun 1930. Kamfanin Neja na George Goldie, wanda ya share wa Lugga hanya, an biya shi diyyar fam 865,000 da gwamnatin Ingila ta karɓi ƙasar daga hannunsa a 1900, kamar wanda ya sayar da gonar gado. A 1920 kamfanin Lever ya saye shi, a 1929 aka haifi UAC. Da jirgin ƙasa ya iso Kano a 1911, aka kuma matsa wa talaka ya biya haraji da jangali da kuɗin Bature, sai ya zama dole ya noma gyaɗa ya sayar a farashin da kamfani ya yanka. Dalar gyaɗar Kano gumin manoman karkara ce, har da na wannan yanki. Mai ya tafi can, ɓawo ya rage a nan.

HUJJOJIN MASU KARE LANDAN

Za a ce ai birnin akwai tsari, wuta ba ta ɗaukewa, jirgin ƙarƙashin ƙasa na zuwa kan lokaci, akwai Musulmi da masallatai, ga babban masallacin Regent's Park da aka kammala a 1977, har ma Musulmi, Sadiq Khan, ya zama magajin gari a 2016. Duk wannan gaskiya ne, kuma Musulmi ba ya musun gaskiya ko daga bakin wa ta fito. Haka nan talakan Ingila na yau ba shi ya harba igwa a Kano ba, kuma a cikinsu akwai masu fitowa titi dubu ɗaruruwa suna la'antar kisan Gaza. Rigimar ba da fatar mutum ake yi ba, da tsarin istikbari ake yi da kuma masu yi masa sujada.

Amma a tambayi waɗanda suka fi kowa zarya a can, wato masu mulkin ƙasar nan, me suka taɓa kawowa daga wannan tsari? Sun ga asibitocin da ke aiki, sai suka mayar da su wurin duba lafiyarsu, mai naƙuda a ƙauyen Gwaram kuwa a ɗora ta a babur. Sun ga makarantu, sai suka tura 'ya'yansu, ɗan talaka na zaune a ƙasa rufi na yoyo. Sun ga gidaje, sai suka saya da dukiyar al'umma. A da jirgin ruwa ke zuwa ya kwashi dukiyar, yanzu 'yan gida ke ɗauka su kai da kansu, su kuma dawo da hoto su raba wa matasa su yi ta bege. Matashi kuma ya tara kuɗin riɗi da na zoɓo ya biya kuɗin biza, wanda a 2025 ya kai fam 127 don ziyarar wata shida, in an hana shi kuma ba a dawo masa da ko kwabo.

Ko a zamanin Turawa an sami wanda ya je da ido biyu. Malam Abubakar Imam ya je Ingila a 1943 cikin tawagar editocin Afirka ta Yamma, ya rubuta Tafiya Mabuɗin Ilmi, kuma ya sami Lugga a tsufansa ya zayyana masa koke-koken mutanen Arewa. Ko an yarda da tafarkinsa ko ba a yarda ba, ya tafi da tambaya a bakinsa. Mai neman ilimi ko magani ko halaliyarsa ya je, ba laifi. Ya shiga ma'ajiyar takardu ta Kew, inda rahotannin da Lugga ya riƙa aikawa kan cin ƙasar nan suke jibge, ya karanta yadda aka yi wa kakanninsa. Wannan shi ne ya buɗe ido.

ABIN DA KE ƘOFAR GIDA

Babban abin kunya shi ne mai mafarkin Landan bai san abin da ke bayan gidansu ba. A Birnin Kudu akwai Dutsen Habude da Dutsen Mesa da Dutsen Murufu, inda mutanen farko suka zana shanu a jikin kogo, irin shanun da ba su da tozo, ga kuma duwatsun da ke amo kamar ƙararrawa idan an buga. Wa ya fitar da labarinsu ga duniya? Wani Bature ne, Bernard Fagg, a tsakiyar shekarun 1950, wanda daga baya ya koma ya shugabanci wani gidan tarihi a Oksfod. Musulmi ba zai je can don tsafi ko neman sa'a ba, wannan shirka ce. Zai je ne ya ga cewa wasu sun yi kiwo a nan, sun yi kiɗa a nan, yau ko sunansu babu wanda ya sani. Wa'azin da ke Hijr yana nan a Birnin Kudu ba tare da biza ba.

A cikin Jihar Jigawa ɗin nan akwai Haɗeja, inda a watan Afrilun 1906 Sarki Muhammadu ya ƙi miƙa wuya, aka shiga garin da igwa, ya yi shahada tare da jama'arsa masu yawa, shi ya sa har yau ake ce masa Mai Shahada. A shekarar ce kuma aka shafe Satiru ta kusa da Sakkwato daga doron ƙasa. A gabas, cikin Jihar Gombe ta yanzu, akwai Burmi. Can Sarkin Musulmi Attahiru na Ɗaya ya tsaya bayan ya zaɓi hijira a kan zama ƙarƙashin tutar Nasara, talakawa suka bar gonakinsu suka bi shi dubu-dubu, Sarkin Misau Ahmadu ma ya bar gadonsa ya bi. Ranar 27 ga Yulin 1903, shekara ta 1321 bayan Hijira, ya yi shahada tare da mutane fiye da 600, gawa a kan gawa a kewayen tuta. Ɗansa Muhammadu Bello Mai Wurno ya ja ragowar zuwa Sudan, inda zuriyarsu take har yau a bakin kogin Nilu.

Kitchener yana da gunki a tsakiyar Landan, ana share shi ana goge shi. Shahidan Burmi ba sa buƙatar gunki, addininsu ya hana. Abin da suke buƙata shi ne zukatan da suka san su, kuma wannan ne aka hana su, domin manhajar da aka gada daga mai igwa ba za ta koyar da yaro ya so wanda ya tsaya wa igwa ba.

Saboda haka aiki ya rage ga matasa. 'Yan uwa na Maruta da Gwaram da Birnin Kudu su haɗa kuɗin mota, irin wanda ake kashewa a gidan kallon ƙwallo, su nemi malami masanin tarihi ya raka su Haɗeja da Burmi da Hubbaren Shehu. Su zauna da dattawan da suka rage su rubuta abin da suka ji daga iyayensu game da zuwan Nasara da haraji da aikin tilas, kafin ƙasa ta rufe waɗannan bakuna. Su buɗe tsofaffin adakoki na zaurukan malamai su ceto takardun Larabci da na ajami daga bakin gara, kada a wayi gari sai an je Landan za a karanta abin da kakan mutum ya rubuta a Gwaram. Wanda Allah Ya ƙaddara masa zuwa can kuma, idan ya iso gindin dokin Richard, ya tuna Akka, ya mayar da wayarsa aljihu, ya yi wa shahidai addu'a ya wuce.

Allah Ya jiƙan Attahiru da Mai Shahada da duk waɗanda suka faɗi tare da su. Allah Ya buɗe idanun matasan Musulmi, Ya cire musu kwarjinin azzalumai daga zukata, Ya dawo wa wannan al'umma da izzarta. Wassalamu alaikum wa rahmatullah.